Yadda Na Gyara Injin Yaya

Shekarar da Minna ta zama hedikwatar jiha Babanmu ya bar aikin reluwe. Ya tsufa a cikin hayaƙin gawayi, kamar yadda mahaifinsa ya tsufa a ciki tun da layin dogo ya kawo su garin. Da aka ba shi kuɗin sallama bai yi shawara da kowa ba, sai gani muka yi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a Limawa, ƙarti suna sauke injin niƙa. Tun a lokacin ba sabo ba ne. Mai shan gas ne, silinda ɗaya, da manyan wili biyu gefe da gefe, sai an sa handul an murza kafin ya tashi. Aka kafa shi a shagon da ke jikin zaurenmu, aka danƙa wa Yaya.

Yaya shi ne ɗan farin gidanmu, ya girme ni da shekara bakwai. Firamare kawai ya yi aka ce ya isa haka. Ni kuwa malamai ne suka zo har gida suka ce wa Baba yaron nan yana da kai, kada a yi wasa da shi. Daga ranar aka raba mana aiki ba tare da an tambaye mu ba: Yaya ya nema, ni in yi karatu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da hantsi za ka same shi fari fat da gari har gashin ido, mata sun jera kwanukan dawa da masara da busasshen rogo tun daga bakin shago har gindin dogonyaro. A jikin wannan injin muka ci muka sha, aka yi wa Yaya aure, aka raɗa wa 'ya'yansa suna, aka kai ni jami'a. Gidanmu ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. In injin ya yi shiru kwana biyu, sai ka gani a tukunyar miya.

Mutum ɗaya ne yake taɓa cikinsa in ya yi ciwo. Wani dattijo ne Bagwari, Kirista, daga Dutsen Kura, wanda suka yi aiki tare da Baba, shi yana ɓangaren gyaran kan jirgi. Fita kowa yake ce masa, sunan aikinsa na da, har sunansa na gaskiya ya ɓace mana. Yakan zo a kan keke da jakar sifanu a ɗaure a baya. Kafin ya kwance ko noti ɗaya sai ya ce a tayar da injin, ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kara kunne a ƙotar, ya rufe ido kamar mai sauraron gulma ta bango. Yaya na tsugune kusa da shi yana miƙa masa kaya. Ni kuwa in na zo hutu, ta gefensu nake raɓawa da littafina, ina tattare riga kada baƙin mai ya taɓa ni.

Ni na cika takardar neman karatun injiniyan injuna da hannuna, amma in gaskiya za a faɗa Baba ne ya zaɓa. A wurin aikinsa ya ga injiniyoyi da farar riga suna nuna wa sa'annin iyayensu aiki da bakin biro, abin ya zauna masa a rai. Yakan ce mini, "Mu mun yi baƙin, ya ishe mu. Kai nunawa za ka yi, a yi."

Karatun kuwa na yi shi. Ba zan rage wa kaina ba, na iya lissafi. Zan cika maka shafi huɗu da lissafin zafin da ke cikin silinda, in zana maka fistin da ma'auninsa ba gogewa. Sai dai injunan da ke wakshop ɗinmu ba su taka kara sun karya ba, mu kuma muna da yawa. Malami ya taɓa, mu mu leƙa ta kafaɗun juna, a tashi.

Saboda irin wannan ne aka yi dokar koyon aiki. Kafin shekarar ƙarshe sai ɗalibi ya yi wata shida a wata masana'anta ko gareji, a ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, shugaban wurin ya sa hannu ya buga hatimi duk mako. Abokaina wasu suka tafi masaƙu a Kaduna, wasu wajen aikin madatsar ruwa a Shiroro, suka dawo sun rame, tafin hannunsu duk kanta. Ni Baba ya ce a Minna zan yi, a gaban idonsa. Ya sa babbar riga, ya kai ni da kansa wani garejin 'yan kwangilar hanya a wajen Tudun Fulani, inda wani amininsa yake foman.

Bayan sun gaisa Baba ya ce, "Ga ɗanka nan na kawo maka. Ka san dai ba irin yaran nan ba ne, injiniya ne, saura shekara ɗaya. Kada a sa mini shi kwanciya ƙarƙashin mota."

Foman ya ce, "Haba Malam, ai ko ba ka faɗa ba. Gobe shi ne oganmu. Wa zai aiki ogansa ɗauko sifana?"

Aka sa mini kujera a ofishin foman, ƙarƙashin fanka, ga jarida. A makon farko na ɗan yi yunƙuri. Na fita inda ake sauke injin wata katafila, na ɗauki sifana na tsuguna. Wani makaniki sa'an Baba ya zo ya karɓe ta daga hannuna da hannu bibbiyu, ya ce, "A'a Injiniya, bari, za ka ɓata rigarka." Ba wulaƙanci ba ne, girmamawa ce, kuma ita ce ta cuce ni. Amma ba zan ɗora musu laifin duka ba. Da na cire rigar na zauna a ƙasa ba wanda zai ɗaga ni da ƙarfi. Gaskiyar ita ce kujerar ta yi mini daɗi, sunan ma ya yi mini daɗi. Kullum da yamma sai in duba allon da ake rubuta ayyukan ranar, in buɗe littafin bayanin injin, in kwafe yadda ake yi, in rubuta cewa mun yi. Ranar Juma'a foman ya hura wa hatimi iska ya danna, ko karantawa ba ya yi. Littafina ya fi na kowa tsabta a ajinmu, ya kuma fi na kowa maki.

Lokacin da muka shiga jami'a labarin da muka tarar shi ne kamfanoni ke zuwa har makaranta suna rubuta sunayen masu fita, ga gida ga rancen mota, sai wanda ka zaɓa. Lokacin da na gama, na yi hidimar ƙasa ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kudu, na dawo, ƙasa ta shiga tsuke bakin aljihu. Gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, na ciki ma rage su ake yi. Masana'antu ba kayan aiki, wasu rabin mako suke buɗewa. 'Yan ajinmu kowa ya kama inda ya samu. Wanda ke da uba a sama ya shige ma'aikatar ayyuka ta ƙofar baya. Wani ya tafi soja. Wanda ya fi mu duka ƙwalwa banki ya shiga, bai sake waiwayar inji ba. Da yawa suka ɗauki alli, wani kuma ya koma shagon babansa yana sayar da kayan gyaran mota, muna yi masa dariya a lokacin, ashe shi ne mai hankalinmu. Ni kuma na zauna a Limawa ina rubuta wasiƙun neman aiki. Na rubuta har yatsana ya yi ƙullutu. Na bi motar Suleja na shiga Abuja, inda ake ta gine-gine, na yi ta karanta allon da ke cewa babu aiki a ƙofa bayan ƙofa, masu gadi ko takardar ba sa karɓa.

Sau ɗaya aka kira ni intabiyu ta gaske, a wani kamfani a Kaduna. Mako guda na yi ina bitar littattafai. Mutum uku ne a bayan tebur. Biyu suka yi mini tambayoyin littafi, na amsa kamar ruwa. Na ukun, wani mai furfura da bai ce komai ba tun shigata, ya jawo faranti daga ƙarƙashin tebur, ƙarafa ne a ciki da maiƙonsu. Ya ɗauki ɗaya mai tsawon yatsa ya ajiye a gabana, ya ce mene ne wannan, kuma me ya same shi. Na juya shi, na sake juyawa. Nozul ne, bakin da ke fesa gas a cikin silinda. Na zana shi a jarrabawa na ci maki, amma a takarda tsaga shi biyu ake yi a yi masa girma kamar kwalba, ban taɓa riƙe shi a tafin hannu ba. Mutumin ya buɗe littafina na koyon aiki, ya tsaya a shafin da na rubuta cewa na wanke irinsa guda shida a rana ɗaya. Ya dube ni, ya rufe littafin a hankali ya turo mini. Bai zage ni ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da na dawo na ce wa Baba sun ce za su rubuto. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya ja abin da ya biyo baya. Tun a motar dawowa daga Kaduna na san kallon kitse ake yi wa rogo, kuma ni ne rogon.

Zama ya yi tsawo, unguwa ta fara magana. A majalisar ƙofar masallaci in na wuce sai wani ya ce, "Injiniya, har yanzu ana hutawa?" a yi dariya, ni ma in yi. Ana cikin haka injinmu ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu har busasshen rogo kan gagare shi. Yaya ya ce ringin fistin ne ya cinye, kamar yadda yakan yi duk bayan 'yan shekaru, a kira Fita ya buɗe ya sa sabo. Kayan gyara sun yi wuya a lokacin, sai da aka yi ta cigiya har Kaduna kafin a samo ringi da gaskit, shimfiɗar da ake sawa a mahaɗar ƙarafa don hana yoyo. A makon ne wani tela a majalisa ya ce wa Baba, cikin wasa, "Malam, kana da injiniya a ɗaka kana kiran Fita? Ai wannan ɓarna ce." Baba ya yi murmushi, amma maganar ta shige shi.

Washegari da safe muna gaishe shi a zaure, ni da Yaya, ya ce wannan karon ba za a kira Fita ba, ni zan yi.

Yaya ya ce, "Baba, ko Fitan ya zo su yi tare?"

Baba ba ya kiran sunan Yaya, ba ya kuma kallonsa in yana masa magana, saboda kunyar ɗan fari. Bango ya kalla ya ce, "Kai dai ka miƙa masa kaya."

Magana ce gajeriya ta rage mini in faɗa: Baba, ban iya ba. Amma mutumin nan shekara da shekaru yana jiran ranar da zai nuna ni, kuma duk abin da ke kaina daga hula zuwa takalmi gumin wannan injin ne. Kunya ta hana ni, girman kai ya ƙarasa sauran. Na ce to.

Ranar Asabar aka sa. Aka gaya wa mata ba niƙa sai yamma. Baba ya sa aka fito da benci gindin dogonyaro, abokansa suka zo suka zauna, har da telan. Abin da ya rufa mini asiri da farko shi ne Yaya. Hannunsa ya san hanyar tun daga kallon Fita, shi yake kwancewa, bututun mai, sannan kan inji, ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan buhu. Ni kuma ina tsaye a kansa ina kiran sunan kowane ƙarfe da Turanci, da ƙarfi yadda na kan benci za su ji. Suna gyaɗa kai suna cewa ilimi ke nan.

Da muka ɗaga silindar daga mazauninta sai ga wasu zobba uku a ƙarƙashi, sirara, sun manne da juna da baƙin mai. Na ɓanɓaro su na goge. Gwangwani ne aka yanka da almakashi, a jikin ɗaya har ana ganin ragowar rubutun madara. Ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya kama ni. Tun safe nake lalube, sai yanzu na samu abin da na tabbata a kansa: babu littafin da ya ce a sa gwangwanin madara a cikin inji. A kwalin sabbin kaya kuma gaskit ɗaya ne tak na wannan wurin. Na fito bakin shago na ɗaga zobban sama.

Na ce, "Kun ga abin da ake yi muku? Gwangwanin madara a cikin inji! Ba dole ya yi hayaƙi ba?"

Aka kwashe da dariya, ana salati. Telan ya ce shi ya sa aka ce a kai yara makaranta.

Yaya ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Fita fa yana mayar da su duk sanda ya buɗe, ukun nan cif. Akwai kuma wata 'yar darma da yake ɗorawa a kan fistin, ya rufe ya murza wili, ya buɗe ya ciro ta ya auna kaurinta."

Wannan maganar ita ce ta fi cin raina har yau, don abin da ya kwatanta yana cikin littafina. Auna tazarar da ke tsakanin fistin da kan inji ke nan. Da na tsaya na yi tunanin minti ɗaya da na gane. Amma idon mutane na kaina, dariyarsu tana kunnena. Na ce masa wannan dabarar marasa kayan aiki ce. Ya buɗe baki zai ƙara, sai muryar Baba daga kan benci.

"Kai ka je jami'ar ko shi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Na wurga zobban cikin kwata, muka ci gaba.

Bayan la'asar muka gama haɗawa. Yaya ya sa handul ya murza, ya tsaya, ya ce ya yi tauri fiye da da. Na ce sabon ringi ne, ƙarfi ne ya dawo. A murzawa ta uku injin ya kama. Hayaƙin nan babu shi. Dattawa suka miƙe suna masha Allah, suna ba Baba hannu kamar an yi masa haihuwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ban kuma sake gani ba. Ni kaina na fara yarda cewa na iya.

Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya karkata kai gefe yana saurare. Ya ce akwai wata 'yar ƙara a sama, siririya, wadda bai saba ji ba. Ni ban ji komai ba, duk ƙarar inji ɗaya ce a kunnena. Na ce sabon abu sai ya zauna. Ya ɗora hannu a kan abin kashewa, Baba ya ce a zuba hatsi mana, ga mata sun taru. Aka ɗora bel. Kwanon farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Ana cikin na uku, masarar wata maƙwabciyarmu, injin ya ɗau zafi, ƙarar ta fito fili har ni na ji ta, kamar ana buga guduma a kan maƙera. Yaya ya yi tsalle zai kashe. Kafin hannunsa ya kai sai muka ji wata irin ƙara, mata suka watse da ihu. Sandar fistin ta karye ta fasa cikin injin ta leƙo waje, baƙin mai mai zafi ya fantsama a bango da ƙafar Yaya. Wilin ya yi ta juyawa shi kaɗai yana rage gudu har ya tsaya. Na kan benci suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Matar ta dawo ta kwashe masararta rabi gari rabi tsaki, ta ce Allah ya kyauta, ta tafi.

Fita ya zo washegari bayan an tashi daga coci, da kayansa na Lahadi. Yaya ne ya je ya kira shi, yana ɗingishi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ramin, ya zura yatsa ya shafa bakinsa. Sannan ya sa aka ɗaga silindar, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce da Hausarsa ta Gwari, "Karfe uku da yana nan, ina shi?"

Zobban nan yake nufi. Na ce na zubar.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan silinda, tun babanka bai saya ba an kankare samansa, ya gajarta. In ba ka daga shi da karfe ba, da sanyi fistin zai wuce, da zafi zai buga sama. Shi ke nan." Ya goge yatsansa da tsumma, ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa, inda Baba ba zai ji ba, ya ce mini, "Dana, me ya sa ba ka aiko ba? Dutsen Kura ba nisa. Da na gaya maka a kunne, ni ba zan fada ma kowa ba."

A gabansa hawaye suka zubo mini, ni da digirina.

An yi ƙoƙari. Aka kai gangar jikin injin wajen mai walda, ya liƙe, da aka tayar ta sake tsagewa a wurin. Aka yi cigiyar wata har Kano da Onitsha, ba a samu ba, wadda aka ji labarinta kuma ko gidan aka sayar sai an yi ciko. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Mata suka koma wani injin a bayan kasuwa. Bayan wata biyar masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da kura suka kwashe shi gunduwa-gunduwa. Baba yana gaya wa mutane cewa injin ne ya tsufa, kwanansa ya ƙare. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya, sai dai ya daina zama a majalisa. Yaya ya shiga dako a kasuwar doya. Mutumin da ke da shagon kansa da mata da 'ya'ya uku, ya koma ɗaukar kaya a ka ana ce masa kai zo nan. In ya dawo da yamma nakan shige ɗaki kada mu haɗa ido, shi kuma sai ya leƙo ya tambaye ni ko an rubuto daga wani wuri.

Aikin da na samu daga baya, ta hannun foman ɗin nan ya zo. Kamfaninsu ya samu kwangilar wata hanya a bayan Paiko, suna neman mataimakin injiniyan injuna. Manajan ya duba digirina, ya duba littafin koyon aiki ya ga hatiminsu a kowane shafi, ya ce ai ɗan gida ne, ya san aikinmu. Ko ƙarfe ɗaya ba a ajiye a gabana ba.

Da na yi wata biyu na nema wa Yaya aikin kula da janareto. Na san ya fi duk wanda ke wurin kunnen inji. Akawu ya ce sai da takardar gwajin sana'a. Yaya ba shi da ita, ba shi da ko wace takarda, gurbin lebura kaɗai ya rage, wanke ƙarafa a cikin gas da ɗaukar kaya. Na gaya masa ina jin nauyi, ina fatan ya ƙi. Ya ce ya fi dako. Amma ya kafa mini sharaɗi ɗaya.

Ya ce, "Kada ka ce ni yayanka ne. In suka sani za su raina ka, kai kuma yanzu kai ne gidan."

Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce umarni yake ba ni, ba shawara ba.

Tun ina ƙarami nake tsugunawa in gaishe shi kowace safiya, ranar da ya fara aikin ma na yi haka a zaure kafin mu fita, ya bi motar leburori, ni na bi ta ma'aikata. Da na isa yadin kamfanin leburori suna tsaye a layi ana raba aiki. Na zo wucewa suka gaishe ni kamar kullum. Yaya yana na uku daga ƙarshe, da tsohon wandonsa na shago, tabon ƙunar yana nan a ƙwaurinsa. Ya ɗan rusuna tare da sauran.

Ya ce, "Barka da zuwa, Oga."

Na ce, "Yauwa, sannunku da aiki," na wuce ofis.

Shekara huɗu muka yi a haka. Duk abin da na sani na inji a yau, a yadin nan na koye shi, kuma yawanci daga bakinsa. Zai zo wucewa da kwanon ƙarafa a kai, ya rage tafiya kusa da ni ba tare da ya dube ni ba, ya ce a duba famfon mai na rolar danne hanyar nan, muryarta ta sauya. In je in sa a duba, a samu haka ne, in rubuta rahoto. Aka ce sabon injiniyan nan yana da kunne, aka ƙara mini girma. Da hanyar ta ƙare aka sallami leburori, ni aka ce in bi kamfani Abuja. Yaya ya karɓi sallamarsa a layi, ya hau bayan tifa tare da sauran. Har aka tashi daga wurin ba wanda ya san uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma ni ban faɗa ba.